Layin Da Na Ja Wa Teku Da Jan Biro

Laraba: Malumfashi zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana sallame salla, na saɓi jakata na fito. Matata, Maman Hafsat, ta biyo ni har zaure da ƙullin kuka da daddawa da kilishi, tana nanata mini cewa na Nura ne, ba guzurina ba ne. Ta dubi aljihun gaban rigata, ta ga 'yar guntuwar rula ta leƙo kusa da jan biro, ta ce, "Malam, can ma makin za ka je bayarwa?" Na ce mata shekara ashirin da bakwai suna zaune a wurin, in na cire su rigar ba ta zama daidai a jikina.

Ni malamin zane ne a wata sakandare ta garinmu. Nura, wanda zan je wurinsa, tsohon ɗalibina ne, kuma a duk waɗanda suka bi ta hannuna ban ga mai hannu irin nasa ba. Bai samu ci gaba da karatu ba, ya tafi Qatar aikin gadi. Shi ya aiko mini da tikitin jirgi da na kallon ƙwallo, tunda a watan gasar cin kofin duniya da tikitin wasa ake samun izinin shiga ƙasar. Saƙon nasa gajere ne: "Malam, ka zo ka gani da idonka." Na ɗauka ƙwallo yake nufi.

Motar tasha ta cika shida saura kwata. Muka bi ta Dayi da Gwarzo, shinge uku muka wuce. A na biyu jami'in ya leƙo ya tambayi ina zuwa, direba ya yi caraf ya ce, "Wannan dattijon Qatar za shi, shi zai buga mana." Jami'in ya ce, "Ai ba mu je ba." Direba ya ce, "Shi ya sa aka tura shi." Muka shiga Kano takwas da minti goma.

A motar ne na yi ta juya abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin korona an rufe bakin teku a can, aka ajiye Nura yana gadin ƙofar wani wurin wanka da ba mai zuwa. Awa goma sha biyu kullum, daga shi sai ruwa. Wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin fentin ruwa, irin wanda ake jiƙa buroshi a shafa a takarda, sai ya fara zana tekun a lokacin hutunsa. Wata rana ya turo mini hoton ɗaya a waya, ya ce, "Malam, a duba." Na duba. Ruwan ba shuɗi ba ne, wani fari-fari ne mai ratsin kore, kuma ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Ni kuwa a ajina doka ɗaya ce: sama shuɗi mai haske, teku shuɗi mai duhu, a sa rula a ja layi a tsakani. Haka yake a tsohuwar kalandar da ke bangon ɗakin zanenmu, kuma daga ita na koya wa ɗaruruwan yara teku. Na kai hoton shago aka buga mini a takarda, na ɗora rula na ja masa layi da jan biro, na rubuta "Teku shuɗi ne. Ina layin? 4/10", na ɗauki hotonta a waya na mayar masa. Ya amsa da "Na gode, Malam." Shekara biyu ke nan bai sake turo zane ba. Ruwa mafi girma da na taɓa gani a lokacin shi ne dam ɗin garinmu.

Jirginmu ya ɗaga da yamma, ya sauka Abuja ya ƙara mutane, sannan ya miƙa. Na so kujerar taga, aka ba ni ta tsakiya, tsakanin wani ɗan kasuwa mai minshari da wata Hajiya mai jan carbi. Duk tekun da aka ce mun tsallaka, bayan kujerar gabana na gani.

Alhamis: Al Wukair

Mun sauka shida da rabi na safe, agogonsu ya riga namu da awa biyu. Ba a nemi takardar gwajin korona ba, an daina, amma har yanzu alamun ƙafa na nan a ƙasa inda ake tsayawa da tazara. Ma'aikacin da ke duba kaya ya buɗe ƙullin daddawa, ya shinshina, ya ja da baya, ya rufe da kansa ya ce in wuce.

Nura yana bakin aiki sai biyu na rana, don haka abokin ɗakinsa ya zo ɗaukata. Issaka sunansa, mutumin Zangon Kumasi, direba ne, yana sanye da tutar Ghana kamar mai rawani. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa.

"Maalam, ka zo lafiya? Yaya Najeriya? Na ji ƙafa ya yi muku ciwo, ba ku iya zuwa ba."

"Ku kuka taka mu," na ce.

"Allah ne ya yi. Yalla, shiga mota, mu za mu wakilce ku."

Daga filin jirgi zuwa Al Wukair, inda su Nura ke zaune, minti ashirin da biyar ne. Unguwa ce ta cikin tudu, gidaje sababbi launin ƙasa, wasu ba a gama ba, ko ƙanshin ruwa babu. Muka tsaya wata 'yar tagar mai shayi Issaka ya danna hon, aka miƙo mana shayin da suke kira karak, mai madara da kayan ƙamshi, riyal ɗaya kofi. Na sha na yarda masu shayin tashar garinmu suna da sauran karatu.

Ɗakinsu gado huɗu ne, biyu a kan biyu. An ba ni na ƙasa, na Nura. Da ya dawo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, da kakinsa da komai, ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Muka yi tuwon semo da miyar kukar Maman Hafsat, har 'yan ɗakin kusa suka shigo da cokulansu. Ina cikin ci na hango akwatin fentin a kan kwaba, an ɗora masa tsohon takalmi. Na ce, "Nura, ana taɓawa kuwa?" Ya ce, "Aiki ya yi yawa, Malam." Issaka ya ce, "Ƙarya ne. Da can ko shift biyu ya yi, aikin dare da na rana, sai ya jiƙa takarda. Wani ne ya ce masa bai iya ba, khalas, shi ke nan, ya ajiye." Bai san ni ne wanin ba. Na tsame hannu daga tuwon, na nemi ruwa.

Da yamma aka ci Ghana. Ni dai na tambayi Issaka ko ƙafarsa lafiya.

Juma'a: bakin ruwan Doha

Bayan Juma'a muka tafi Al Wakrah, kilomita goma ko ƙasa da haka, muka hau jirgin ƙasa da ba shi da direba. Na leƙa gaba na tabbatar. Minti ashirin da 'yan kai muka fito cikin gari, kyauta saboda katin 'yan kallo. An hana motoci bin titin bakin ruwa, mutane ne kawai, kowace ƙasa da gangarta da hularta.

Ƙarfe uku da minti biyar na fara ganin teku a rayuwata. Gaskiya ban razana ba. Ruwan ya shigo ne kamar ƙoƙo, dogayen benaye sun kewaye shi, jiragen katako na da suna ta kai-kawo da kiɗa. Na ce wa Nura wannan ai dam ne da ya samu kuɗi. Launinsa ne ya ɗan dame ni, don kore ne, irin na tsohuwar kwalbar lemo. Na gaya wa kaina inuwar benaye ce.

Abin da ya fi ɗaukar idona ba ruwan ba ne. A kan dogon dakalin da ke bakin ruwan, ma'aikata ne jere, ranar hutunsu ce, daga ƙasashe iri-iri, kowa ya ba gari baya yana kallon ruwa. Wasu na waya, wasu sun yi shiru. Nura ya ce, "Nan muke zuwa kallon gida, Malam. Ko gidanka ba ta can yake ba, ruwan kake kallo."

Kusa da kasuwa muka shiga wani ƙaramin ɗakin baje hotuna, mai sanyi, shiga kyauta. A bango ɗaya an jera kwafin tsofaffin zanen fentin ruwa na gaɓar wannan yanki, waɗanda Turawan jiragen ruwa suka yi kafin kyamara ta yawaita. Nan na samu filina, na gyara murya na karanta musu abin da aka koya mana a kwaleji. Fentin ruwa fentin matafiyi ne: akwatinsa ya shiga aljihu, ya bushe nan take, ba ya buƙatar komai sai ruwa da takarda. Shi ya sa hafsoshin jirgi da masu auna ƙasa suka riƙe shi, daga baya ya zama abin hutun masu hali da 'ya'yansu mata, sannan ya biyo makarantun boko har ya iso ajinmu, inda ake sa yaron da bai taɓa ganin kogi ba ya zana teku. Na matsa kusa da wani zane, sai ga shi: layi sambal tsakanin ruwa da sama, kamar da rula. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Nura, zo ka gani. Ga layi."

Ya zo ya duba ya ce, "Haka ne, Malam." Issaka ya sa hanci har ya kusa taɓa gilashi. Ya ce, "Maalam, wannan mutum ba teku yake kallo ba, wurin da zai ajiye jirgi yake nema. Duba mutanen garin, ya yi su kamar kiyashi." Na duba. Gaskiya ne, duk dutse da hasumiya an fitar da su tsaf, mutanen kuwa ɗigo-ɗigo ne.

A bakin ƙofa wani tsoho ɗan ƙasar yana zaune yana ɗinkin raga don masu yawon buɗe ido su gani. Issaka yana jin Larabcin kasuwa, sai na ce ya tambaye shi ko kakanninsa sun zana teku. Tsohon ya yi dariya. Ya ce ubansa mai nutso ne, watanni yake yi a jirgi yana shiga ƙarƙashin ruwa neman lu'ulu'u, da ɗan matsi a hanci da dutse a ƙafa. Ya ce wanda teku ke ci wa idanu da kunnuwa ba ya rataya hotonsa a ɗaki. Waƙa suke masa, mata kuma su tsaya a gaɓa suna roƙonsa ya dawo musu da mazansu. Na ce a tambaye shi wane launi ne teku. Ya dube ni kamar na tambaye shi launin mutane, ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Na ɗauka bai ji tambayar ba ne. Muka ci shinkafa da kaza a faranti ɗaya, riyal goma sha takwas, muka koma gida.

Litinin: Al Rayyan

Asabar da Lahadi su biyun suna aiki, ni kuma na yi barcin gajiya da zagayen unguwa, sai ziyara ɗaya da Issaka ya kai ni unguwar Ain Khaled gaida wasu mutanen Katsina. Litinin ce ranar tikitina. Muka hau jirgin ƙasa biyu zuwa Al Rayyan, aka fara wasa ƙarfe huɗu na yamma. Filin an sa masa na'urar sanyi har ƙarƙashin kujera, ƙafafuna suka yi ƙanƙara. Ghana ta ci uku da biyu. Issaka ya ɗaga ni sama, ni da furfurata, a gaban duniya. Na yi ihun goyon bayan Ghana da bakina, kuma ina roƙon masu karatu kada maganar ta wuce nan.

A hanyar dawowa na ce wa Nura, "To, na gani da idona." Ya yi murmushi ya ce, "Saura, Malam. Gobe ina hutu. Bayan asuba za mu fita."

Talata: Al Wakrah

Biyar da minti ashirin muka bar gida. Kafin mu fita na miƙa hannu kan kwaba na sauko da akwatin fentin da littafin takardunsa, na ce ni zan yi zane, tunda na zo har nan. Nura bai hana ni ba. Issaka ya sauke mu bayan tsohuwar kasuwar Al Wakrah shida saura minti ashirin, ya ce shi ya ga teku ya ƙoshi tun a Takoradi ta ƙasarsu, ya tafi neman karak.

Muka taka yashi. Gari ya yi haske amma rana ba ta fito ba. Iska ba ta motsi, akwai wani laushin tururi a sararin. Na tsaya ina neman tekun, na ce, "Ina yake?" Nura ya ce, "Ga shi a gabanka, Malam." Wallahi ruwan ya kusa taɓa takalmina ban sani ba. Fari-fari ne, mai ratsin kore, ya tafi ya tafi har ya zama sama ba tare da ya gaya wa kowa ba. Can nesa wani jirgin katako yana tsaye, ba ka ce a ruwa yake ko a iska ba. Na murza idona, na cire tabarau na goge na mayar. Babu layi. Zanen nan ne da na ba huɗu cikin goma, an shimfiɗa mini shi daga gabas har inda ido ya tsaya.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Amma malami ba ya saurin sallamawa, sai na zauna a kan dutse na buɗe akwatin. Fentin ya bushe ya tsattsage, na ɗiga masa ruwan gora ya farfaɗo. Hannuna da kansa ya tafi wurin shuɗi. Na shafa, ya yi duhu. Na ƙara ruwa, takardar ta kumbura. Na nemi farin fenti in rufe ɓarnar, irin yadda muke yi da fentin gwangwani a makaranta, na ga babu fari a akwatin. Kafin in ɗago, tekun ya koma ruwan hoda, rana ta leƙo, ya zama kamar an zuba manja a madara. Minti goma bai cika ba ya sake riga. Sai a lokacin na gane tambayar tsohon nan mai raga.

Nura yana tsaye, hannuwa a aljihu. Na ce, "Ina farin?" Ya ce, "Babu, Malam. Takardar ce farin. Inda kake son haske, sai ka bar wurin kada ka taɓa." Na ce, "In an riga an taɓa fa?" Ya ce, "Sai dai a juya sabon shafi."

Na juya sabon shafi. Na ciro rula da jan biro daga aljihu na ajiye su a kan yashi. Na ce, "Nura, na zalunce ka. Na gyara maka abin da kake kallo kullum da hoton kalanda. Ka yafe mini." Ya ce, "Haba Malam, ai ba komai," yana kallon ƙasa. Na ce, "Da komai, shekara biyu ce." Na miƙa masa buroshi. Bai karɓa ba. Ya ce hannunsa ya manta.

To, na san ɗalibina. Tun yana aji biyu ba ya iya ganin ana ɓata takarda ya yi shiru. Na sake tsoma buroshi a shuɗin nan mai duhu, na cika shi taf, na nufi tsakiyar sabon shafin a hankali. Saura kaɗan ya ce, "Malam, tsaya! A jiƙa takardar tukuna." Ya durƙusa ya karɓe buroshin daga hannuna, ko gafara bai ce ba. Ya wanke shi, ya shafe takardar da ruwa zalla, ya ɗan taɓa rawaya, ya ɗan taɓa kore, ya karkata littafin launukan suka gangara suka haɗu da kansu. Ya bar wani siririn wuri fari, sai ga hasken rana a kan ruwa. Ina riƙe masa da gorar ruwa, in ya ce zuba in zuba. A ƙasan takardar ya sa bayan mutum biyu, ɗaya a zaune da hula, manya sosai, ba ɗigo ba.

Issaka ya dawo da kofi uku, ya tsaya ya dubi Nura, ya dube ni. Ya ce, "Maalam, me ka yi masa?" Na ce, "Ni ne wanin da ya ce bai iya ba." Ya ce, "Ashe kai ne. To shayinka ya zama nawa." Ya shanye biyu a gabana.

Laraba da Alhamis: komawa gida

Nura ya sa zanen tsakanin kwali biyu ya ɗaure da zare, na riƙe shi a hannu har cikin jirgi. A wannan karon na samu taga, kuma gajimare ya rufe komai, ban damu ba. Muka sauka Kano, na kwana wurin ƙanena, Alhamis bakwai na safe na hau mota. A shingen Gwarzo jami'in nan ya gane ni, ya ce, "Baba, ka buga?" Na ce, "An ci ni, amma na ji daɗin wasan." Tara da rabi ina ƙofar gida. Maman Hafsat ta karɓi dabino da turare, ta dubi aljihuna ta ce, "Ina rular?" Na ce na baro ta a bakin teku, wataƙila wani zai yi amfani da ita.

Litinin na sauke kalandar daga bangon ɗakin zane na rataya na Nura. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an manta ba a ja layi ba." Na ce, "Ba a manta ba. Ni ma sai da na je na tambaya."

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Issaka, duk da shayina da ya shanye, da mutanen ɗakin Al Wukair da suka matsa mini wuri, da tsohon nan mai raga da ban san sunansa ba. Godiyar Nura kuwa ba ta shiga takarda.

Sati biyu da dawowata, ina zaune a ofishin malamai, waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Nura: teku ruwan toka, da wani ja-ja a gefe, da mutane jere a dakali sun ba gari baya. A ƙasa ya rubuta, "Malam, a duba." Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya taɓa wurin da jan biro yake zama, ya tarar ba komai. Na daɗe ina kallon hoton. Sannan na rubuta masa, "Malam Nura, wannan ƙarfe nawa ne?"